Takardar da ke Raba Miji da Mata: Tarihin Rufe Ƙofar Amurka

A wannan makon na ga ya dace mu ɗan huta da labarin da muke bi, mu leƙa wani tarihi wanda shi ma in an duba da kyau labarin soyayya ne. Sai dai a nan, maimakon uwar miji ko kishiyar da muka saba gani a littattafanmu, wadda ke shiga tsakanin masoyan takarda ce mai ɗauke da sa hannun shugaban ƙasar Amurka.

Bari in fara da yadda abin yake tafiya, domin wanda bai sani ba. Idan mutum ya zama ɗan ƙasar Amurka, doka ta ba shi damar ya nemi a kawo masa matarsa, da 'ya'yansa da ba su kai shekara 21 ba kuma ba su yi aure ba, da iyayensa. Zai cike takardar da ake kira I-130, ya biya kuɗi, ya kawo shaidar aure ko ta haihuwa, ya nuna yana da abin da zai riƙe su. In an amince, sai a tura takardun ofishin jakadancin ƙasar da iyalin suke, a yi masu gwajin lafiya, sannan a kira su ganawa. Ga 'yan Nijeriya a Legas ake yin wannan ganawa. Abin yakan ci shekara ɗaya ko biyu, na wa ko ƙane kuwa yakan wuce shekara goma. To mai karatu, ka ƙaddara an gama duk wannan wahala, sai a wayi gari a ce an rufe ƙofa ga duk mai fasfon ƙasa kaza.

Wannan ba sabon abu ba ne a tarihin Amurka. A 1882 majalisar ƙasar ta yi dokar hana leburori 'yan ƙasar Sin shigowa, alhali su ne suka sha wahalar shimfiɗa layin dogon da ya ratsa yammacin ƙasar. Mazan da suka riga suka shigo sai suka tsufa a unguwanninsu na San Faransisko a matsayin gwauraye, matansu na can ƙauyukan kudancin Sin suna zaman jiran wasiƙa da ɗan kuɗin da ake aikowa. A 1924 aka sake yin wata dokar da ta raba wa kowace ƙasa kasonta, ta fifita Turawan arewacin Turai, ta kusa rufe ƙofa gaba ɗaya ga mutanen Asiya. Wasu mata huɗu 'yan Sin da mazajensu haifaffun Amurka ne suka iso a jirgin ruwa a shekarar, aka hana su shiga. Magana ta kai Kotun Ƙoli, kuma a 1925 kotun ta ce dokar ta hau kansu, auren bai ba su mafita ba. Sai a 1943, lokacin da Sin ta zama abokiyar Amurka a Yaƙin Duniya na Biyu, aka soke dokar 1882, aka ba su kason mutum 105 kacal a shekara.

Dokoki biyu ne suka haifar da rigimar zamaninmu. Ta 1952 ta ba shugaban ƙasa ikon dakatar da shigowar kowane rukuni na baƙi idan ya ga shigowarsu za ta cutar da ƙasar. Ta 1965 kuwa, wadda Shugaba Lyndon Johnson ya sa wa hannu, ta soke rabon kaso na 1924, ta mayar da haɗa iyali ginshiƙin shige da fice, ta kuma hana a nuna wa mutum bambanci wajen ba shi bizar zama saboda ƙasarsa ko launin fatarsa.

A ranar 27 ga Janairun 2017 Shugaba Donald Trump ya ɗauko ikon nan na 1952, ya hana 'yan ƙasashe bakwai shiga na kwana 90: Iran, Iraƙi, Libiya, Somaliya, Sudan, Siriya da Yaman. Kotuna suka taka masa birki, ya sake fasali har sau biyu. A na uku, na watan Satumban 2017, aka cire Sudan aka saka maƙwabciyarmu Chadi, wadda ba a cire ta ba sai a Afirilun 2018. A watan Yunin 2018 Kotun Ƙoli ta goyi bayansa da alƙalai biyar a kan huɗu.

Abin da gwamnati ta riƙa nunawa don kare kanta shi ne cewa akwai ɗaga ƙafa, kuma a nan nake son mu ɗan tsaya. A rubuce, jami'in biza yana iya yi wa mutum sassauci in an cika sharuɗɗa uku: hana shi shiga zai jawo masa matsanancin ƙunci, shigarsa ba barazana ba ce ga tsaro, kuma shigarsa na da amfani ga Amurka. Amma babu wata takardar neman sassaucin da mutum zai cike, babu kuma inda zai ɗaukaka ƙara in an ƙi. Komai yana hannun jami'in da ke bayan gilashi da shugabanninsa na Washinton. Alƙali Stephen Breyer, ɗaya daga cikin huɗun da ba su yarda da hukuncin ba, ya kawo alƙaluman gwamnati da kanta: a watan farko na aiki da dokar, mutum biyu ne suka samu sassauci cikin 6,555.

Mutanen Yaman sun fi kowa ɗanɗana kuɗarsu. Tun 2015 aka rufe ofishin jakadancin Amurka na Sana'a saboda yaƙi, don haka mata da yara suka riƙa tsallakawa Jibuti don ganawa, suna zaman haya mai tsada, ba gaba ba baya. A ƙarshen 2018 wata mata 'yar Yaman da ke Alƙahira ta daɗe tana neman a bar ta ta je ta ga ɗanta mai shekara biyu da ke kwance rai a hannun Allah a Kalifoniya, alhali mijinta ɗan Amurka ne. Sai da jaridu da talabijin suka yi ca a kan maganar sannan aka ɗaga mata ƙafa. Ba a yi kwana goma da isowarta ba yaron ya rasu.

Mu a Nijeriya abin ya zo kanmu a ƙarshen Janairun 2020, ya fara aiki ranar 21 ga Fabrairu. Dalilin da aka bayar shi ne ƙasarmu ba ta cika ƙa'idar tantance mutane da musayar bayanan tsaro ba. Abin lura shi ne, bizar zaman dindindin kaɗai aka hana. Ɗan kasuwa da ɗalibi da mai yawon buɗe ido suna iya tafiya, amma amaryar da aka ɗaura wa aure a Kano ko Ibadan, da tsohuwar da ɗanta ke son ta zo ta ga jikokinta ta zauna, su ne aka tsayar. Gwamnatin Shugaba Buhari ta kafa kwamiti ƙarƙashin ministan cikin gida Rauf Aregbesola don gyara abin da aka yi ƙorafi a kai. Ranar 20 ga Janairun 2021, ranar da aka rantsar da Joe Biden, ya soke takunkumin gaba ɗaya.

To amma ikon nan na 1952 yana nan ba a taɓa shi ba. A 2024 ma Kotun Ƙoli ta yanke cewa tsarin mulki bai ba ɗan ƙasa haƙƙin dole sai an bar matarsa ko mijinta baƙo ya shigo ba. Da Trump ya dawo, a watan Yunin 2025 ya rufe ƙofa ga ƙasashe 12, ciki har da Chadi da Sudan, sai dai a wannan karon an keɓe mata da miji da 'ya'ya da iyayen ɗan ƙasa in sun kawo ƙwaƙƙwarar shaida. Chadi ta rama ta hanyar dakatar da ba Amurkawa biza. A watan Disambar 2025 aka faɗaɗa jerin: Nijar da Mali da Burkina Faso suka shiga sahun da aka rufe wa baki ɗaya, Nijeriya ta shiga sahun da aka hana bizar zama da ta ziyara da ta karatu, aka kuma janye waccan keɓewa da aka yi wa iyali.

Abin da na fahimta daga wannan tarihi na shekara sama da 140 shi ne, duk lokacin da aka hukunta ƙasa saboda laifin gwamnatinta, mai fasfon da ya fi shan wuya shi ne wanda ya bi ƙa'ida ya shiga layi. Don haka iyayen da ke shirin ba da 'ya ga mazaunin Amurka, ya kamata tun kafin a shafa fatiha a zauna a yi magana: in ƙofa ta rufe, ina za ta zauna, wa zai riƙe ta, sau nawa mijin zai riƙa zuwa? Zaman jiran miji ba ƙaramin abu ba ne ga yarinya mai ƙuruciya.

Allah Ya sada kowa da iyalinsa cikin alheri. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu, za mu ci gaba da labarinmu daga inda muka tsaya.