Dajin Falgore da Batun Dawo da Namun Dajin da Suka Ɓace

A shekarar 2011 ƙungiyar kiyaye halittu ta duniya, IUCN, ta sanar da cewa baƙar karkanda irin ta yammacin Afirka ta ƙare ƙaf, bayan binciken 2006 a arewacin Kamaru bai ga ko ɗaya ba. Ƙahonta ne ya ja mata: a Yemen ana yin ƙotar wuƙa da shi, a gabashin Asiya ana daka shi a magani, alhali sinadarinsa ɗaya ne da na farce. Ga shi kuma ba ta da yawan haihuwa, ciki wata 15 zuwa 16, ɗa guda cikin shekara biyu da rabi ko uku.

Chadi ta yi yunƙurin dawo da karkanda. A watan Mayun 2018 aka ɗauko shida a jirgin sama daga Afirka ta Kudu zuwa gandun Zakouma, wanda ƙungiyar African Parks ke gudanarwa tun 2010. Kafin shekarar ta fita huɗu sun mutu, kuma ba harsashin mafarauci ya kashe su ba. Ramewa suka yi, jikinsu bai karɓi ganyen wurin ba. Sai a Disambar 2023 aka sake kawo biyar. Wannan fa gandu ne mai dakaru da kuɗi.

Ga mutumin Rano ko Kibiya, gandun da ya fi kusa shi ne Falgore, a kan hanyar Jos ta Tudun Wada da Doguwa, mai faɗin kimanin murabba'in kilomita 1,000. Tun zamanin Turawa aka keɓe shi da sunan Kogin Kano, kogin da ke ratsa shi ya zuba a madatsar Tiga da gwamnatin Audu Bako ta gina. Ɓarayin shanu sun daɗe da ɓata masa suna, har sojoji suka mai da shi filin atisaye a 2017. A Disambar 2020 gwamnatin tarayya ta sa shi cikin sabbin gandaye goma na ƙasa.

Sai dai takarda ba ta tsayar da gatari. Buhunan gawayin da ake jibgewa a bakin titi itatuwa ne da suka faɗi, kuma kirya da marke aka fi nema, masu daɗewa kafin su girma. Makiyayin da gonaki suka cinye masa burtali dole ya kutsa daji. A ganina, kawo dabba mai tsada cikin wannan hali asara ce tsagwaronta. Gwanki da kanki da gada, waɗanda ƙasar ta saba da su, su ya kamata a fara farfaɗowa.

Darasin da ya fi dacewa da mu yana Nijar. Raƙuman dawan Kure, kusa da Yamai, sun ragu zuwa 49 a 1996, amma suka haura 600 ba tare da shinge ba, suna kiwo a tsakiyar gonakin gero da wake. An hana farautarsu, an haƙa wa ƙauyuka rijiyoyi, an ba su ƙananan basussuka, samari suka zama 'yan rakiyar baƙi. A 2018 har aka kai takwas Gadabeji a jihar Maraɗi.

Tunda mutanen ƙauye ne ginshiƙin wannan darasi, nan batun yara ya shigo. Yaron ƙauyen Rurum ya san dabba tun kafin ya shiga aji: ya iya ɗana tarko, ya san ramin gafiya, da rani yakan cinna wa ciyawa wuta don ya koro gafiyar, wutar ta lashe karan da aka tara wa dabbobi. Nuna masa hoton karkanda a littafin kimiyya ba zai sauya komai ba. Amma in aka ba shi dashen ɗorawa ya raina a makaranta, aka gayyato sarkin baka ya lissafa wa aji namun da ya sani a ƙuruciyarsa da waɗanda ya daina gani, yaron zai auna asarar da kansa. Malamin Islamiyya ma yana da abin faɗa, tunda addini ya hana kashe dabba don wasa.

Inda gizo ke saƙa shi ne gida. Uban da ke ciyar da iyali da kuɗin gawayi ba zai ajiye gatari don ɗansa ya dawo da nasiha daga makaranta ba, sai in noman rani a bakin ruwan Tiga ko aikin gadin daji ya fi gawayin kawo masa kuɗi.