Ɗan Halima da Kafuwar Sabon Birni

Tun ranar da rundunar jihadi ta ci birnin Alƙalawa a shekarar 1808, aka kashe Sarkin Gobir Yunfa, sarautar Gobir ta zama sarautar hijira, wadda sarakunanta ke yawo da tambura daga wannan sansani zuwa wancan, ba su da wani muradi illa su komo bakin Gulbin Rima, inda Sarki Babari ya gina Alƙalawa, Sarki Bawa Jan Gwarzo kuma ya ɗaukaka ta. Sarkin Gobir Ali ya gwada sulhu da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, daga baya ya warware alkawari, ya haɗa kai da Rauda, Sarkin Katsina na Maraɗi, har ajali ya riske su duka biyu a Gawakuke a 1836. Bayan wannan musiba ne Sarkin Gobir Mayaƙi ya kafa Tsibiri daura da Maraɗi, Gobirawa suka sami matsuguni, amma nesa da kushewar kakanninsu.

A cikin wannan gidan sarauta na Gobir Ɗan Halima ya tashi, ɗan sarauta mai ganin cewa shi ma yana da haƙƙi a gadon. Da saɓani ya shiga tsakaninsa da Sarkin Gobir Bawa ɗan Gwamki, sai ya aikata abin da mafi yawan danginsa za su ƙidaya a cin amana: ya fita da jama'arsa, ya nemi aminci wurin Sarkin Musulmi Ahmadu Atiku, wanda ya yi mulki daga 1859 zuwa 1866. Sarkin Musulmi kuwa, da yake ya fahimci maslahar da ke cikin rabuwar kan abokan gaba, ya yi masa izinin gina gari kusa da kufan Alƙalawa, aka kira shi Sabon Birni.

A nan ne nake ganin hikimar mutumin, domin ƙasar da takobi ya kasa maido wa Gobirawa cikin shekara hamsin, shi ya same ta ta hanyar mu'amala da lafazi mai taushi, ba tare da ya bar sunan Gobir ko al'adun fadarta ba. Sakkwato ma ba ta yi sakaci ba. Kudu da Sabon Birni akwai ribaɗin Isa a bakin Gulbin Bunsuru, inda Aliyu Ƙarami ɗan Bello ya zauna kafin a yi masa mubaya'a a matsayin Sarkin Musulmi a 1866, kuma har yau hakimin Isa laƙabinsa Sarkin Gobir, kamar yadda na Sabon Birni yake. Garuruwan biyu suka zauna kowanne yana lura da ɗan'uwansa, wata rana kasuwa da auratayya, wata rana hari, domin zumuntar Sabon Birni da Tsibiri ba ta taɓa yankewa yadda Sakkwato ta yi fata ba.

Da Nasara suka zo, Ingila da Faransa suka shata iyaka a farkon ƙarni na 20, Tsibiri ta faɗa ɓangaren Faransa, Sabon Birni da Isa suka zauna a Lardin Sakkwato. Ba don shawarar Ɗan Halima ba, da wuya gidan Bawa Jan Gwarzo ya sami gadon sarauta a gefen Alƙalawa, cikin Nijeriya.