Preservation Hall: Zauren da Ya Mayar wa Tsofaffin Makaɗa Sana'arsu

A lamba 726 kan titin St. Peter, cikin tsohuwar unguwar Faransawa ta birnin New Orleans a Amurka, akwai wani gini mai koɗaɗɗen bango wanda baƙo zai wuce bai ɗaga kai ba. Ciki ɗan ɗaki ne da bencina na katako, wanda bai samu wurin zama ba sai ya tsaya a baya. Yau sama da shekara 60 ke nan ana kiɗan jazz na gargajiya a wannan ɗaki, kuma daga nan ƙungiyar Preservation Hall Jazz Band ta samo sunanta.

A birnin nan aka haifi jazz. A dandalin Congo Square bayin da aka kwaso daga Afirka suke taruwa ranar Lahadi su buga ganga, daga baya jikokinsu suka haɗa wannan bugu da ƙahonin tagulla da waƙoƙin coci. Amma zuwa shekarun 1950 zamani ya juya wa tsohon salon baya. Matasa sun koma wasu kiɗe-kiɗe, su kuwa dattijan da suka ga tashin jazz da idonsu sun koma dako da fenti da ƙananan ayyuka don neman na abinci. Wasu ma sun jingine ƙahonsu.

Wani mai sayar da zane-zane, Larry Borenstein, shi ya fara kiran su cikin shagonsa da daddare su yi wasa, 'yan kallo su jefa abin da ya sawwaƙa. Ken Mills da Barbara Reid suka tsara abin ya zama zama na kullum a 1961. An ɗan samu saɓani a farkon tafiyar, kamar yadda akan samu a kowane sabon abu, sai riƙon gidan ya koma hannun wasu sababbin ma'aurata daga jihar Pennsylvania, Allan da Sandra Jaffe. Yawon amarci ne ya biyo da su ta birnin, suka ji kiɗan, suka kasa tafiya.

Sai mutum ya tuna wane zamani ne kafin ya gane girman abin da suka yi. Dokar wariyar launin fata tana aiki a kudancin Amurka, ba a soke ta ba sai 1964. A wannan ɗaki kuwa baƙi da farare suna zama tare, suna busa tare, har ta kai an taɓa kama Sandra saboda haka. Shi Allan da kansa yana busa tuba, wato ƙaton ƙahon nan mai kauri da ke riƙe gindin kiɗa, yana zaune a bayan dattijan da suka haife shi. Ba ubangida ya zame musu ba, ɗa ya zame musu: ya nemo wanda ya ɓuya, ya kula da mara lafiya, ya tabbata kowa ya tafi gida da haƙƙinsa.

Waɗannan su ne shekarun da masoya gidan ba sa gajiya da labarinsu. Ga George Lewis mai kilarinet, siririn mutum mai busa kamar kuka, wanda ya je Japan a 1963 aka karɓe shi hannu bibbiyu. Ga Kid Thomas Valentine mai ƙaho, da 'yan'uwa biyu Percy da Willie Humphrey. Ga De De Pierce, makaho, yana busa, matarsa Billie tana kan fiyano. Sai kuma Sweet Emma Barrett da jar hularta da ƙararrawa ɗaure a ƙafa, tana kaɗa su yayin da take wasa. A 1967 shanyewar ɓarin jiki ta kama ta, hannun hagu ya daina aiki. Ta dawo ta ci gaba da buga fiyano da hannun dama kaɗai, shekara da shekaru, har kusan rasuwarta a 1983. Ni dai duk sanda na ga hotonta sai in ji idona ya kawo ruwa.

Allan ya rasu a 1987. Dattijan suka yi ta tafiya ɗaya bayan ɗaya, gidan ya ɗan yi sanyi, har ɗansa Ben Jaffe ya gama karatun kiɗa a 1993 ya karɓi ragama. Guguwar Katrina ta 2005 ba ta cinye ginin ba, domin unguwar tana kan tudu, amma ta cinye gidajen makaɗa da kayan kiɗansu, ta warwatsa su garuruwa. Ƙungiyar ta ci gaba da yawo tana wasa, aka kafa asusun tallafa wa makaɗan birnin, zauren ya sake buɗewa a 2006. A shekarar ce kuma aka ba ƙungiyar lambar yabo ta ƙasa kan fasaha.

Akwai masu ƙorafin cewa a hannun Ben an yi nisa da tsohon salo, musamman da faifan That's It! na 2013 wanda duk waƙoƙinsa sababbi ne, da kuma tasirin tafiyarsu Cuba a 2015. Ban yarda da su ba. Su kansu dattijan farko sabon abu suka ƙirƙira a ƙuruciyarsu. Abin da ya kamata a duba shi ne ko gadon yana wucewa hannu da hannu, kuma yana wucewa. Gidauniyar zauren da aka kafa a 2011 tana koyar da yara, tana kuma tallafa wa makaɗan da tsufa ya cim musu. Wannan kiɗa ba a koyonsa a takarda kaɗai, sai yaro ya zauna kusa da tsoho ya ji inda yake jan numfashi. Duk wanda ya je New Orleans ya bi layin titin St. Peter da yamma, ya biya kuɗin shiga, zai iske yadda dattijan makaɗa irin su Charlie Gabriel, haifaffen 1932, suke miƙa wa 'yan baya gadon da su ma suka karɓa.