Asalin Akwatin Ɗaukar Hoto

Mutane da yawa suna tsammani ɗaukar hoto hikimar Turawa ce tun daga tushe. Amma tushen abin yana cikin kowane ɗaki mai duhu wanda ke da 'yar kafa a bango. In rana ta yi ƙarfi, haske yakan biyo ta kafar, ya zana siffar abin da ke waje a jikin bango, kai ƙasa, ƙafa sama.

Masanan Sin da na Yunan sun lura da wannan tun kafin haihuwar Annabi Isa. Amma wanda ya gwada shi sosai, wani malami ne Musulmi, Hasan Ibnul Haisam, wanda aka haifa a Basra wajen 965, ya rasu a Alƙahira wajen 1040. Ya jera fitilu daura da kafar ɗaki mai duhu, ya ga ko wace ya rufe, haskenta kaɗai ke ɓacewa a ciki. Da haka ya nuna haske miƙe yake tafiya, shi ya sa siffar ke juyewa. Ya rubuta wannan cikin littafinsa Kitabul Manaziri.

Abin da ya rage shi ne yadda za a kama siffar kada ta gushe. Wajen 1826 wani Bafaranshe, Niyeps, ya kama ta a kan farantin ƙarfe, bayan ya bar akwatinsa buɗe awa takwas ko fiye. A 1839 aka bayyana dabarar abokin aikinsa Dagyar, a 1888 kuwa Kodak ya fito a Amurka.

Mutanen Zamfara sun shaida wannan hikima ran 29 ga Maris 2006, sa'ad da husufin rana ya rufe Gusau. Kafofin da ke tsakanin ganyen itatuwa suka zuba siffar rana a ƙasa kamar jinjirin wata.

Har yanzu masu sha'awa, musamman 'yan makaranta, sukan huda gwangwani da allura, su sa takardar hoto ciki, su ɗauki gini ko lambu.

Birnin Zamfara ya faɗi hannun Gobirawa tun ba a san hoto ba, saboda haka kamanninsa sai a labari. Tsofaffin gine-gine da kukokin Anka, da Gummi, da Bukkuyum kuwa, kowace damina ruwa yana cin rabonsu. Wanda ya ɗauki hotonsu yau, ya ajiye wa jikoki abin da baki ba zai iya kwatantawa ba.