Tarihin Agogon Intanet: Me Ya Sa Ba Ya Bin Na Wayarka?

Kwanaki wani yaro daga Roni ya kawo min waya shago a nan Kazaure. Ya mayar da agogonta baya da kwana ɗaya, wai don ya ƙara wa kansa lokacin cike fom a intanet. Agogon shafin ko gezau, WhatsApp ɗinsa kuma ya ƙi buɗewa. To me ya jawo?

Mu koma baya kaɗan. A da kowane gari da lokacinsa, da inuwa ake gane azahar da la'asar. Har gobe rana tana take tsaka a Kazaure kusan minti 20 kafin Legas. A 1914, shekarar da Turawa suka haɗe Arewa da Kudu, aka sa agogon ƙasa ya wuce GMT da rabin awa. Ranar 1 ga Satumba 1919 aka mayar da shi awa ɗaya cif. Shi ne "agogon Najeriya da Nijar" da muke ji a rediyo, don haka mutumin Babura ko ya tsallaka iyaka ba sai ya gyara agogo ba.

Da kwamfuta ta zo, sai aka tsayar mata da mafari: tana ƙirga daƙiƙu ne daga 1 ga Janairu 1970. Shi ya sa wata wayar in agogonta ya goge za ka ga ta koma 1970. A 1985 wani Ba'amurke, David Mills, ya fito da NTP, hanyar da kwamfutoci ke daidaita agogonsu ta intanet. A 1995 kuma JavaScript ya fito, yaren da burauza irin Chrome ke ganewa.

Ga yadda suke aiki tare. Idan ka buɗe shafin da aka gina da kyau, saba, wato babbar kwamfutar da ke ɗauke da shafin, za ta turo lokacinta sau ɗaya. JavaScript ya karɓa, ya ci gaba da ƙara daƙiƙa ɗaya-ɗaya a fuskar wayarka. Ranar rufe fom kuwa, agogon saba ne alƙali.

Don haka ka shiga saitin kwanan wata da lokaci, ka bar shi ya riƙa daidaita kansa. Fom kuma kar ka jira daren ƙarshe. Yaron nan dai sai baɗi, Allah Ya kai mu.