Daga William Ponty zuwa Jami'o'in Jihohi: Tarihin Ilimi Mai Zurfi a Nijar

A zamanin mulkin mallaka, ɗan Nijar da ya ƙare karatun firamare kuma yake son ci gaba, sau da yawa sai ya bar ƙasa. Mafi yawan masu hazaƙa Senegal ake kai su, makarantar horar da malamai ta William Ponty. Can ne Bubu Hama da Diori Hamani suka yi karatu. Faransa malaman lakwal da akawu take buƙata, saboda haka koyarwa ce ƙofar farko da aka buɗe wa ƴaƴan ƙasa. Wannan ne dalilin da ya sa malamai suka yi yawa cikin shugabannin da suka karɓi mulki a 1960.

Sai a 1971 aka kafa cibiyar ilimi mai zurfi a Yamai, wadda ta zama jami'a a 1973. Masana kimiyya ne suka aza tubalinta. Shugabanta na farko, Bubakar Ba, masanin lissafi ne. Wanda ya gaje shi a 1979, Abdu Mumuni Dioffo, haifaffen Tasawa, masanin fizik ne da ya jagoranci ofishin binciken makamashin hasken rana, wato ONERSOL. Sannu a hankali sassa suka ƙaru: likitanci, noma, adabi, shari'a da tattalin arziki, da babbar makarantar horar da malaman sakandare. Sashen tattalin arziki ya zo daidai da lokacin da kuɗin uraniyom ke shigowa, gwamnati na neman ma'aikatan baitulmali, kwastan da bankuna.

Da farashin uraniyom ya faɗi a shekarun 1980, aka shiga matakan tsuke bakin aljihu, ilimi kuma ya ji jiki. Ranar 9 ga Fabrairu 1990 ɗalibai suka yi zanga-zanga a gadar Kennedy, jami'an tsaro suka buɗe wuta, ɗalibai 3 suka rasu. A ƙarshen shekarun 1990 aka fara ɗaukar malaman kwantaragi, da yawansu ba su samu cikakken horo ba, ga albashi ƙanƙane. Azuzuwa sun yawaita, amma ingancin karatu ya ja baya.

A 2010 aka kafa jami'o'i a Maraɗi, Tawa da Damagaram. Ta Maraɗi, mai sunan masanin sinadarai Ɗan Dikko Ɗankulodo, ta ƙarfafa fannin kimiyya da fasaha. Ta Tawa ta shahara da shari'a, tattalin arziki da gudanarwa. Ta Damagaram ta fara da adabi da ilimin zamantakewa. A 2014 Agadas, Difa, Doso da Tilaberi suka samu nasu.

Abin lura a wannan tarihi shi ne, duk fannonin nan a kan malami suka dogara. Ba a samun ɗalibin lissafi a jami'a sai an samu wanda ya fahimtar da shi rabawa tun yana firamare. Abdu Mumuni ya hango haka a littafinsa na 1964 kan ilimi a Afirka, inda ya nuna cewa yaro ya fi gane darasi cikin harshen da ya tashi da shi. A 1973 aka gwada koyarwa da Hausa a Damagaram, amma aikin ya daɗe a matsayin gwaji. A 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa.

To, doka kaɗai ba ta koyar da aji. Muddin makarantun horar da malamai irin su Askiya Muhammad ta Damagaram, Kawusan ta Tawa da Bawa Jangwarzo ta Maraɗi ba su samu littattafai da daidaitattun kalmomin lissafi, kimiyya da tattalin arziki cikin Hausa ba, malami zai ci gaba da fassarawa da ka a gaban allo. Tattara waɗannan kalmomi da buga su aiki ne da ke jiran jami'o'i, malamai da ƙungiyoyin raya al'adu.