Wa Ke da Dajin? Tarihin Neman Ra'ayin Talaka a Madarunfa

Kudu da birnin Maraɗi na Jamhuriyar Nijar, daf da iyakar Najeriya, Allah ya hore wa gundumar Madarunfa dukiya biyu: tafkin Madarunfa, wanda kaburburan waliyyai 99 suka kewaye, da kuma dajin Baban Rafi. An daɗe ana ja-in-ja a kan wanda ke da ta cewa game da su.

A 1935 Turawan Faransa suka kafa dokar gandun daji a ƙasashen da suke mulka a Afirka ta Yamma. Ba a tambayi manomi ba, ba a tambayi makiyayi ba. Bayan samun 'yanci, dokar 1974 ta bi sawun ta Turawa. A wancan zamanin, itacen da ya tsiro a gonar mutum yana iya jawo masa tara daga ma'aikatan gandun daji, don haka manomi ya gwammace ya share gonarsa ƙarƙaf. Da farin shekarun 1970 da na 1984 suka zo, sai iska ta sami filin kwashe ƙasa.

Wannan masifa ce ta sa hukuma ta sauko. A watan Mayun 1984, zamanin shugaba Seyni Kountché, aka yi babbar muhawara ta ƙasa a Maraɗi kan yaƙi da hamada, inda aka yarda cewa aikin ba zai yiwu ba sai da hannun mutanen karkara. A daidai lokacin, Tony Rinaudo ɗan Ostareliya da manoman jihar suka fara abin da ake kira sassaben zamani: a bar kututturen kalgo, sabara ko gawo ya toho, a zaɓi 'yan rassa masu ƙarfi a rena. Da manomi ya tabbata itacen nasa ne, sai aikin ya bazu har ya kai kimanin hekta miliyan 5, akasari a jihohin Maraɗi da Damagaram.

A 1992 aka fitar da dokar kasuwannin itace na karkara, kuma Baban Rafi na cikin dazuzzukan da aka yi aiki da ita. Ƙauye ya sami ikon sara bisa ƙa'ida, ya sayar wa 'yan kasuwa, ya riƙe kasonsa na haraji. A dajin da aka tsara sosai, rabin harajin na ƙauye ne. Dokar karkara ta 1993 da ta gandun daji ta 2004 suka ƙara wa jama'a ƙarfi. A 2019 kuma tafkin ya shiga jerin dausayoyin duniya na yarjejeniyar Ramsar.

Yanzu wata sabuwar kasuwa ta kunno kai. A Disambar 2022, a birnin Montreal na Kanada, ƙasashen duniya suka amince a riƙa tara dala biliyan 200 duk shekara kafin 2030 don kare halittu. Cikin hanyoyin da aka ambata har da biyan diyyar ɓarnar muhalli: kamfanin da ya lalata daji a wani wuri ya biya a raya wani, ko ya sayi takardar shaidar cewa an kare tsirrai da dabbobi. Kuɗi ne da zai iya amfanar Madarunfa. Zai kuma iya rufe burtali, ya hana mata ɗibar itace, ya kori masunci daga bakin ruwa, idan aka ƙulla cinikin a ofis.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kafin a sa hannu a kan kowace takarda, a je ƙauyukan a zauna da manoma, makiyaya, masunta da mata, a yi bayani da Hausa da Fulatanci, a rubuta kason kowa ƙarara kamar yadda aka yi a 1992. Waɗanda suka rena itatuwan nan su ya kamata a fara tambaya.